Wadatar Zuci da Takwararta ta Ƙasar Sin

Manomin da ya zuba geronsa a rumbu a Wagini ta ƙasar Katsina, bai leƙa na maƙwabci ya ji ƙyashi ba, shi ake cewa yana da wadatar zuci. Furucin Hausa ne, amma ma'anarsa ta biyo hanyar malamai. Tushenta hadisin Abu Huraira ne da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ɗauke ma'aunin arziki daga tarin dukiya ya ɗora shi a kan halin rai. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo hadisin a babin ƙana'a na Riyadus Salihin, littafin da har gobe ake karantawa a zauruka da masallatai. Katsina kuwa tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau, malamai ke sauka cikinta da littattafansu, karatu yana tsiyaya zuwa ƙauyuka. Can hadisin ya tarar da karin maganar da ta dace da shi: kwaɗayi mabuɗin wahala, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sinawa ma suna da tasu, mai kalmomi huɗu, "zhi zu chang le", wato wanda ya san abin da ya ishe shi ba ya rabuwa da farin ciki. Ana mayar da asalinta ga Dao De Jing, littafin da ake dangantawa da Laozi, babi na 44 da na 46. Kwafi mafi tsufa na sassan littafin an tono shi a 1993 a wani kabari a Guodian, lardin Hubei, rubuce kan tsagin gora, daga wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Babi na 46 shi ne abin lura. An rubuta shi lokacin da sarakunan Sin ke yaƙar juna don ƙarin ƙasa, ya kuma kwatanta zaman lafiya da dawakin da aka mayar aikin gona, fitina kuma da dawakin da aka ajiye a fagen daga. Masu ƙarfi ya fara yi wa gargaɗi, domin kwaɗayinsu ne ke tashin gari, kuma rashin adalci ne a riƙa jan kunnen talaka shi kaɗai da wannan magana.

Irin wannan fitinar da ke raba dabbobi da gona ana ganinta a ƙasar Katsina: a Batsari da Safana, inda 'yan bindigar dajin Rugu suka shafe shekaru suna kore dabbobi, shanun huɗa masu yawa sun bar gonaki, manoma da dama sun koma ga garmar hannu.