Tarko a Tsakiyar Hanya: Tarihin Gardamar Adalci a Filin Golf

Gabatarwa

Yawancinmu ba mu san wasan golf ba sai daga bayan shinge. Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna ko Jos ko Zariya ya taɓa ganin wani makeken fili mai bishiyoyi, wanda muka gada daga Turawan mulkin mallaka, inda manya suke bin wata 'yar farar ƙwallo da sanduna. Wasu 'yan jarida suna kiransa ƙwallon lambu. Abin da ya ja hankalina ga wasan shi ne wata gardama da masu zana filayensa suka fi shekara ɗari suna yi, watau: a ina ya kamata a ɗana tarko, kuma wa ya kamata tarkon ya kama? Tambayar ta yi kama da ta 'yan wasa kawai, amma in an duba, tambaya ce a kan ma'anar adalci.

Da yake wasan baƙo ne ga Hausa, bari in share fage da kalmomin da zan yi amfani da su. Cikakken fili yana da zango 18. Kowane zango yana farawa daga mafari, ya bi ta wata hanya mai gajeriyar ciyawa, ya ƙare a farfajiya mai santsi inda aka haƙa ɗan gurbi, faɗinsa inci huɗu da kwata. Wanda ya zagaye zangunan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Tarko kuwa shi ne duk abin da ke tsakanin mafari da gurbi mai wahalar da ɗan wasa, kamar rafi ko tafki, musamman ma ramin yashi, wanda in ƙwallo ta faɗa ciki fitar da ita sai gwani.

Filin da Ba Wanda Ya Zana

Asalin wasan a ƙasar Sikotilan yake. Tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a Leith kusa da Edinburgh. Filin da ake ɗauka uwar filaye shi ne Tsohon Fili na garin St Andrews, garin da yake da jami'a tun farkon ƙarni na 15. A nan ne a 1764 aka rage zanguna daga 22 zuwa 18, sauran duniya ta bi.

Wannan fili jigawa ce a bakin teku, makiyaya ce ta jama'ar gari. Ramukan yashinsa na farko iska ce ta tone su, da tumaki masu fakewa daga sanyi, da sandunan 'yan wasa masu sarar wuri guda kullum. Saboda haka ramukan, waɗanda yau sun kai 112, suna warwatse ba bisa wani tsari ba. Wasu suna daidai tsakiyar hanya. A zango na 12 akwai waɗanda mai tsaye a mafari ba ya ganinsu sam, domin a da ana zagaya filin ta ɗaya hannun ne, bakunansu suna fuskantar can. Mutanen garin sun laƙaba musu sunaye kamar yadda muke yi wa rijiyoyi da kududdufai. Akwai wanda ake kira Jahannama a zango na 14, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Akwai Ramin Hanya a na 17. Akwai kuma wasu ramuka uku a haɗe a na 16 da ake kira Hancin Shugaban Kwaleji, sunan da na tabbata ɗalibai za su yi wa dariya. Magabatan ba su tambayi ko waɗannan ramuka adalci ne ba, kamar yadda manomi ba ya kai ƙarar dutsen da ya tarar a gonarsa.

Zamanin Masu Horo

Tambayar adalci ta taso ne ran da ɗan Adam ya karɓi aikin iska da tumaki. A ƙarshen ƙarni na 19 wasan ya bazu cikin Ingila, aka shiga yin filaye a gonaki da makiyayu nesa da teku, inda babu yashi sai an kawo. Fitaccen mai zane na lokacin, Tom Dunn, ya shimfiɗa filaye fiye da ɗari. Dabararsa ita ce ya haƙa dogon rami ya gitta hanya daga gefe zuwa gefe, da tudun ƙasa a bayansa kamar ganuwa, sa'an nan ya sake wani kafin farfajiya. Wanda ya ɗaga ƙwallo sama ya tsallake, wanda ta gangara masa a ƙasa ya faɗa. Hujjar masu wannan ra'ayi a fili take: laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya ga sakamako, kuma horo ya zo daidai da girman kuskure.

A Amurka aka kai wannan ra'ayi ƙarshensa. A 1903 wani attajirin ƙarfe, Henry Fownes, ya gina filin Oakmont kusa da Pittsburgh, ɗansa William ya ci gaba da ƙara masa ramuka har suka haura 300. Daɗin daɗawa, suka ƙera wani manjagara mai nauyi da ke yi wa yashin kunya-kunya, don ƙwallo ta nutse, ɗan wasa ya yi asarar bugu guda ko yana so ko ba ya so. A gasar Open ta Amurka ta 1935 da aka yi a can, mutum ɗaya tak, Sam Parks, ya gama da bugu ƙasa da 300. Ya ci da 299.

To, amma fa akwai abin dubawa. Ramin da ya gitta hanya kusa da mafari ba ya damun gwani, domin ƙwallonsa tana wucewa ta samansa ba tare da ya ko kula ba. Tsoho da ɗan koyo da mai ƙaramin ƙarfi su yake kamawa, su da tuni gajeren bugunsu ya hore su. Ashe tsarin da aka kafa da sunan adalci kan mai rauni yake ƙarewa, kamar harajin da aka yanka wa attajiri da talaka daidai wa daida.

Juyin da Aka Yi a Woking

A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan kulob biyu, Stuart Paton da John Low, suka taɓa zango na 4 na filin Woking da ke kudu da Landan, wanda Tom Dunn ya zana a 1893. Suka kawar da tsarin gitta hanya, suka haƙa ƙananan ramuka a tsakiyar hanya, daidai inda kyakkyawan bugu yakan sauka. Hancin Shugaban Kwaleji suka kwaikwaya. A duka wuraren biyu, a lokacin, layin dogo ne ya bi ta hannun dama, ƙwallon da ta ƙetare shi kuwa ta fita fili. Mai ƙarfin hali sai ya ratsa ta ɗan burtalin da ke tsakanin ramin da layin dogo, in ya dace farfajiya ta buɗe masa. Mai tsoro ya bi ta hagu inda fili yake da yalwa, amma bugunsa na biyu zai zo ta mummunar kusurwa, da wani rami a gabansa.

'Yan kulob suka yi ca, suna cewa yaya za a hori wanda ya buga ƙwallo ɗoɗar? Low ya ba da amsa a littafinsa na 1903. Ma'anar bayaninsa ita ce, mummunan bugu ya riga ya hori kansa, don haka aikin tarko shi ne ya gwada gwani, ya kama bugun da ya kusa yin kyau amma bai kai ba. A wurinsa, in dai ɗan wasa ya san inda ramin yake, ba shi da bakin cewa an haƙa shi a wurin da bai dace ba, domin kauce masa shi ne wasan. Daga nan aka sami ɓangare na biyu, masu cewa a bai wa ɗan wasa zaɓi: in da ƙwaɗayi da wulaƙanci, in da haƙuri da doguwar hanya.

Mai Awo da Likita

Gardamar ta yi zafi a tsakiyar shekarun 1920. Wani Ba'amurke mai suna Joshua Crane ya ƙirƙiro hanyar bai wa filaye maki, kamar malami da takardun jarrabawa, yana auna faɗin hanya da matsayin ramuka da yadda horo ya dace da kuskure. Da ya auna manyan filayen Birtaniya, sai Tsohon Fili na St Andrews ya zo a ƙarshe. A ganinsa sa'a ta yi yawa a can, ya kamata a daidaita wasan kamar yadda aka daidaita filin tanis.

Cikin waɗanda suka mayar masa da martani akwai Max Behr da Alister MacKenzie. Shi MacKenzie likita ne, ya yi aiki da soja a yaƙin Turawan Ingila da Buwa a Afirka ta Kudu, inda ya lura da yadda mayaƙan Buwa suke sajewa da ƙasa, ya kuma kawo wannan ilmi cikin zanen filaye. Ra'ayinsa shi ne fili ya gamsar da gwani da ɗan koyo gaba ɗaya, kuma mai rauni ya sami hanyar zagayewa ko da zai yi asarar bugu.

Babban shaidarsu shi ne Bobby Jones. A gasar Open ta Birtaniya ta 1921, yana saurayi ɗan shekara 19, filin St Andrews ya ba shi haushi har ya ɗauke ƙwallonsa a zango na 11 ya fita daga gasar. Da ya koyi karanta filin, sai ya dawo ya ci gasar a can a 1927, a 1958 kuma garin ya ba shi 'yancin zama ɗan gari. Shi da MacKenzie suka zana filin Augusta a jihar Jojiya, wanda aka buɗe a 1933 da ramukan yashi da ba su kai 30 ba. Ku gwada wannan da 300 na Oakmont. Duka filayen biyu har yau ana manyan gasa a kansu, watau gardamar ba ta mutu ba.

Abin da Gasa Ta Nuna

Masu sukar St Andrews suna da nasu misalan. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya kai farfajiyar zango na 17 da bugu biyu, ya tura ƙwallo wajen gurbi, sai ta gangare cikin Ramin Hanya. Bugu huɗu ya yi kafin ya fito, ya tashi da 9 a zangon da ake ƙiyasta wa gwani 4. A 1995 Jack Nicklaus, wanda ya ci gasar sau biyu a filin, ya shiga Jahannama ya tashi da 10. Amma a shekarar 2000 Tiger Woods ya buga zango 72 cikin kwana huɗu bai shiga rami ko ɗaya ba, ya ci gasar da ratar bugu 8. Ramukan suna nan inda suke ga kowa, shi ya zauna ya tsara hanyarsa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ni a ganina sun fi kusa da rashin adalci. A gasar Open ta Amurka ta 1979 a filin Inverness, Lon Hinkle ya gano gajeriyar hanya zuwa farfajiya ta 8 ta cikin zango na 17. Kafin gari ya waye masu gasar sun dasa doguwar bishiya sun toshe wurin. A 2010 kuma, a filin Whistling Straits mai ramuka wajen dubu, Dustin Johnson ya taɓa yashi da sandarsa a zangon ƙarshe, a wani wuri da 'yan kallo suka tattake har bai gane rami ba ne. Doka ta hana haka, an kuma liƙa sanarwa tun kafin gasa, saboda haka aka ƙara masa bugu biyu, ya rasa shiga karon raba gardama. Hukuncin daidai ne bisa doka, amma tarkon da aka bar jama'a suka tsaya a cikinsa har kamanninsa suka ɓace, akwai alhakin masu fili a ciki.

Kammalawa

Da na auna wannan tarihi, na fi karkata ga Low da MacKenzie. Crane yana neman filin da zai biya kowa daidai aikinsa, amma ƙwallo mai tsalle a kan ƙasa da iska mai juyawa ba za su taɓa ba da wannan ba, kuma yadda mutum yake ɗaukar rashin sa'a yana cikin abin da wasan yake gwadawa. Sai dai ban yarda a ce kowane tarko halal ne ba. Sharuɗɗa uku nake gani: ɗan wasa ya iya sanin inda tarkon yake, ko da ido ko da koyo, mai rauni ya sami hanyar zagayewa, kuma kada a canja fili bayan an fara wasa. Ramukan ɓoye na zango na 12 sun tsira da kyar, domin sun fi shekara ɗari a wurin, suna cikin taswira, masu ɗaukar jaka kuma sun san su. Bishiyar Inverness kuwa ta faɗi.

Ina fata malamanmu masu tsara jarrabawa za su karanta wannan da idon rahama, su tuna cewa tambaya mai wuya ba zalunci ba ce in tana cikin manhaja. Mu ɗalibai kuma mu tuna da Woods da ramuka 112. Sauran bayani na bar wa masu sanduna.