Mutanen Kogi: Yadda Subanen Suka Tsare Dazuzzukansu

Yau za mu leƙa tsibirin Mindanawo da ke kudancin ƙasar Filifin, wurin wata al'umma da ake kira Subanen. Sunan ya samo asali ne daga kalmar "suba", wato kogi, domin tun fil azal a gaɓar kogunan yankin Zamboanga da kewayen Dutsen Malindang suke zaune.

A imaninsu na gargajiya, ƙasa ba ta ɗan Adam kaɗai ba ce. Manyan itatuwa da idanun ruwa da duwatsu duk suna da iskokin da ke zaune a cikinsu. Shi ya sa manomi ba ya saɓa gatari ya faɗa wa daji kai tsaye. Sai an nemi izini ta hannun "balian", wato bokansu kuma mai maganinsu, in alama ta nuna ba a amince ba, a haƙura da wurin. Gonar shinkafar tudu kuwa ɗan lokaci ake nomanta, sannan a bar ta ta huta har daji ya sake rufe ta. Wanda ya keta al'ada, shugabansu da ake kira "timuay" ne ke yanke masa tara. Wuraren da ake shakkar taɓawa, irin su tafkin Duminagat da ke kan Malindang, su ne suka zama mafakar tsuntsaye da namun dawa da itatuwan magani. Har yau dajin Malindang na cikin 'yan wuraren da mikiyar Filifin ta rage.

Sai dai tarihi bai bar su sun sarara ba. Sifaniyawa sun gina ganuwarsu a Zamboanga a 1635, daga baya kuma, a ƙarni na 20, baƙi daga tsibiran Bisayas da kamfanonin yankan katako suka riƙa tura su can cikin tsaunuka. A 1971 gwamnati ta mayar da Malindang gandun daji na ƙasa, amma sai a 1997 aka yi dokar da ta amince da haƙƙin 'yan asali kan ƙasar kakanninsu.

An gwada ƙarfin dokar a Dutsen Kanatuwan da ke Siocon, wanda Subanen ke ɗauka da tsarki. A 2003 aka ba su takardar mallakar yankin, a 2004 kuma kamfanin TVI na ƙasar Kanada ya fara haƙar zinare a kansa. Dattawa suka kai kuka har Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kuma zaunar da kotunsu ta gargajiya, "gukom". A 2011 kamfanin ya halarci bikin tsarkakewa ya amsa laifinsa, amma a lokacin an riga an farke kan dutsen.

A 2019 UNESCO ta sanya "buklog", babban bikinsu na godiya, cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. A kan wani dogon dandamali ake rawar bikin, kuma da itatuwan daji ake gina shi, don haka duk dajin da aka sare ya tafi da kayan ginin.

To 'yan uwa, idan matasan Subanen suka daina jin tsoron iskokin daji, takardar doka kaɗai za ta iya tsare shi? Muna sauraron ra'ayoyinku.