Shekarun Iyakar Gona

Ranar da na fara awon gonaki a Mainika, wani dattijo ya tarar da ni a bakin burtali, ina ƙirga itatuwan shinge. Ya ce, "Ɗana, me kake lissafawa?" Na ce shekarun iyakar nake nema. Ya ce, "Wannan aguwar da hannuna na dasa ta, amma a gurbin ta kakana."

Nan take abin da na karanto ya rushe. A Ingila, Max Hooper ya kawo ƙa'idar cewa kowane nau'in itace a cikin yadi 30 na shinge yana nuna kusan shekara 100. A ƙasarmu kuwa aguwa da cini-da-zugu da gamba mutuwa suke yi a sake dasawa. Shingen yaro ne, iyakar ce tsohuwa.

Aikin namu ya samo asali ne daga haraji. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka baza malaman taki cikin gundumomin da ke kewaye da birni, suna auna gonaki da ƙafa, suna rubuta sunan mai kowace. Daga baya Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya riƙa gwama hotunan jirgin sama na shekaru daban-daban, har da na 1950 da 1981, don ganin yadda karkarar Kano ke canjawa. Polly Hill kuma ta bi gonakin Ɗorayi tana tambayar wa ya gada, wa ya saya.

A kan wannan muka gina namu. Duk iyakar da ta zo ta tsaya a jikin wata, ƙanwarta ce. Shi ya sa burtali mai lanƙwasa yakan girmi gonakin da suka jingina da shi. Siraran gonaki a jere alamar gandu ne da aka raba gado. Kukoki a cunkushe tsakiyar gona, ga sakaina a ƙasa, sukan nuna kufai.

Yau hoton tauraron ɗan'adam yana cikin wayata, sai dai bai san wanda ya kafa iyaka ba. Masu wannan sani a ƙasar Gwarzo da Kabo suna ta ƙarewa. Duk mai tsoho a gida, ya raka shi gona tun kafin damina ta faɗi, da biro da takarda.