Daga "Taimin" na Bakanike zuwa Agogon Kwamfuta

A Suame Magazine, matattarar makanikai da maƙera da ke arewacin Kumasi, ɗan koyo kan ji kalmar "taimin" tun bai iya riƙe sifana ba. Abin nufi shi ne fulogi ya ba da wuta daidai lokacin da fistin ya kusa ƙure hawansa. In wutar ta yi gaggawa ko ta makara, sai inji ya yi ta ƙugi ba ƙarfi. Irin wannan matsala ta daidaiton lokaci ce ta addabi masu ƙara wa kwamfutocin farko gudu.

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta PC. A cikinta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa sau miliyan 14.318 a daƙiƙa, kuma shi ne makaɗin gidan. Akan raba bugunsa gida 3 a ba ƙwaƙwalwar injin, wato Intel 8088, ta sami miliyan 4.77. In an raba gida 4, sai a sami bugun da talabijin ɗin Amurka ke buƙata don nuna launi. Gida 12 kuwa na sashen ƙidayar lokaci ne. Tsimi ne ya kawo wannan tsari, domin dutse ɗaya ya fi uku araha.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya sauya dutsen don ƙwaƙwalwa ta ƙara sauri, ya sauya wa kowa kiɗa ke nan: launi ya ɓace, agogo ya riƙa wuce lokaci. Su ma masu rubuta wasanni sun ɗauka gudun inji ba zai taɓa canzawa ba, don haka a sabon inji sai wasa ya gagari yatsun mai yi. Maɓallin "Turbo" da wasu kamfanoni suka riƙa sakawa, duk da sunansa, babban amfaninsa shi ne rage gudu.

Da IBM ya fito da samfurin AT a 1984, an ware wa ƙwaƙwalwa dutsenta daban. Nan da nan masu dabara suka riƙa cire na miliyan 12 suna sa na miliyan 16, gudu ya tashi daga miliyan 6 zuwa 8. A 1985 kamfanin ya sa wa injin umarnin auna gudun kansa, ya ƙi tashi in an taɓa shi. A 1986 kuma sai ga shi yana sayar da AT mai miliyan 8.