Bursun karatun injiniya a waje: yadda aka faro da inda aka kwana

Duk shekara in janbiye ta kama, za ka ga samari da ƴan mata masu lisans suna yawon haɗa dosiye don neman mastar ta injiniya a waje. Wannan hanya tsohuwa ce, kuma ta sha canza alƙibla.

Wanda ya buɗe ta ɗan Tasawa ne, Abdu Mumuni Jofo, haifaffen 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce Pari, a 1956 ya ci babbar jarabawar malanta ta kimiyyar fizik. Daga baya ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimin makamashin rana, ya komo gida ya riƙe ONERSOL daga 1969. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi yau. A zamaninsa babu jami'a a Nijar ko ɗaya, sai 1971 aka fara karatun gaba da bak a Yamai.

Da yuraniyom na Arlit ya fara fita a 1971, gwamnati ta samu kuɗi, kuma tana bukatar masu aikin ma'adinai. A lokacin nan bursu ya yi auki: ka ci bak da kyau, gwamnati ta biya jirgi da karatu, aiki na jiranka in ka dawo. Mahamadu Isufu, wanda ya zama shugaban ƙasa, a makarantar ma'adinai ta Saint-Étienne ya zama injiniya, ya yi aiki a SOMAIR. Masu son aikin ruwa da gini kuwa Wagadugu suke nufa, makarantar da ake kira 2iE yanzu.

Sai farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya tsuke. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zanga. Janairun 1994 kuma aka karya sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Uban da yake ciyar da ɗansa a Faransa ya wayi gari nauyinsa ya ninka, albashinsa yana nan inda yake.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙofar Faransa ma ta tsuke, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a farkon 2024. Yanzu ido ya koma Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Sin da Rasha. Wasu guraben ta hannun hukumar ANAB suke bi, wasu kai da kanka za ka nema ta intanet. Bursun gwamnatin Turkiyya, misali, yana son mai neman mastar ya zama ƙasa da shekara 30, da maki 75 cikin ɗari, kuma sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin ya shiga aji.

A ganina nan ne ƴaƴanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa suke cutuwa. Malamanmu ba su sakin maki, mai 13 bisa 20 gwarzo ne a ajinsa, amma in aka juya shi zuwa ɗari 65 ne kawai. Wanda zai duba dosiyen a Ankara lambar yake gani, bai san malamin da ya ba da ita ba.