Takaici, Farashin Auduga da Kisan Gilla a Kudancin Amurka

A cikin watan Yulin 1932 Albert Einstein ya rubuta wa Sigmund Freud wasiƙa yana tambayarsa ko akwai hanyar da za a kuɓutar da 'yan'adam daga yaƙi. Amsar Freud ba mai sanyaya zuciya ba ce. A ganinsa son ɓarna halitta ce a jikin mutum. Ba a tumɓuke shi, sai dai a karkatar da shi. Wannan maƙala za ta dubi ra'ayin da ya biyo bayan na Freud, da yadda aka auna shi da wani baƙin babi na tarihin Amurka.

A shekarar 1939 masana biyar na Jami'ar Yale, cikinsu har da John Dollard da Neal Miller da Robert Sears, suka fitar da littafi mai suna Frustration and Aggression. Jigonsa shi ne cewa duk wani cin zali daga takaici yake tasowa, wato idan aka tare mutum daga abin da ya sa gaba. In kuwa wanda ya tare shi ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi mara ƙarfi ya sauke masa, abin nan da Hausawa ke kira huce haushin kaza a kan dami. Ra'ayin ya sami karɓuwa domin, saɓanin na Freud, ana iya gwada shi da alƙaluma.

Shekara guda bayan haka Carl Hovland da Sears suka yi gwajin. Sun ɗauko adadin mutanen da taron fararen fata suka kashe ba tare da shari'a ba daga 1882 zuwa 1930, akasarinsu baƙar fata, suka kwatanta shi da darajar auduga a jihohin kudu. Abin da suka samu shi ne, shekarar da auduga ta faɗi, kisa yakan ƙaru. Nan da nan wannan sakamako ya shiga littattafan koyarwa, aka daɗe ana maimaita shi, ko da yake tun 1946 Alexander Mintz ya nuna rauni a lissafin.

Babbar suka ta zo a 1998, sa'ad da Donald Green da abokan aikinsa suka tsawaita lissafin ya wuce 1930. A waɗannan shekaru na karyewar tattalin arziki auduga ta yi mummunar faɗuwa, amma kisan bai ƙaru yadda ra'ayin ya tanada ba. Dangantakar ta ɓace.

To amma ko da lissafin ya tsaya da ƙafarsa, akwai tambayar da bai amsa ba: me ya sa haushin ya sauka kan waɗannan mutane, ba wasu ba? Manomi baƙar fata ya fi kowa shan wahalar faɗuwar auduga, duk da haka ba shi ke tara jama'a ya rataye maƙwabcinsa ba. Abin lura kuma, an ba da wata amsa tun kafin a haifi Hovland. A watan Maris na 1892 aka kashe Thomas Moss da abokan kasuwancinsa biyu a birnin Memphis, bayan rikicin da ya samo asali daga gogayyar kantinsu da na wani farar fata a unguwar. 'Yar jarida Ida B. Wells, wadda Moss amininta ne, ta bi diddigin irin waɗannan kashe-kashe, ta bayyana cewa hanya ce ta danne baƙar fatar da suka fara samun dukiya, kuma makasan sun tabbata babu kotun da za ta hukunta su. Saboda abin da ta rubuta aka farfasa ofishin jaridarta a cikin wannan shekara, ta daɗe ba ta sake taka Memphis ba.