Tsintuwa a Wayar Salula: Yadda Kiɗan Nijar Ya Shiga Intanet

Jamhuriyar Nijar ita ce maƙwabciyar Nijeriya ta arewa, kuma tsawon iyakar da ke tsakaninsu ya kai kimanin kilomita 1,500. Tun zamanin fatake jama'ar ƙasashen biyu suke musayar hatsi da dabbobi da gishiri da tufafi. Akwai kuma wata hajar da ke ƙetare iyakar ba tare da jami'in kwastan ya gan ta ba, ita ce waƙa. A yau mutum yana iya zama a Landan ko Tokyo ya buɗe YouTube, ya ci karo da wani makaɗin jita daga Agadas, ya ɗauka shi ne ya fara gano shi. Amma kafin irin wannan waƙa ta hau intanet, ta riga ta sha doguwar tafiya a kaset da wayar salula. Tarihin wannan tafiya yana nuna cewa abin da baƙo ya kira tsintuwa, galibi sananne ne a gida, kuma yana da mai shi.

Zamanin kaset

Farin da aka yi a yankin Sahel a shekarun 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984 zuwa 1985, ya kashe dabbobin Abzinawa masu ɗimbin yawa a Nijar da Mali. Samari da dama suka bar kiwo, suka tafi ci-rani Aljeriya da Libiya. A can ne suka rungumi jita, suka riƙa waƙoƙin kewar gida da na kukan halin da jama'arsu ke ciki, a harshen Tamashek. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce ta fi suna a wannan salo. A Nijar kuwa, Abdallah Oumbadougou yana cikin waɗanda suka buɗe hanya.

Waɗannan mawaƙa ba su da kamfanin da zai buga musu faifai. Sukan zauna ne a gaban rakoda su ɗauki waƙa, wanda ya samu kaset ɗin ya kwafa wa wani, shi ma ya kwafa wa na gaba. Da tawayen Abzinawa ya ɓarke a 1990, hukumomi suka ɗauki irin waɗannan kasusuwa a matsayin kayan tunzura jama'a, sai aka koma sauraronsu a ɓoye. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Nijar ranar 24 ga Afrilu 1995, daga nan kiɗan jita ya fito fili, ya zama abin da ake yi a bukukuwan aure a Agadas da Tawa da Yamai.

Zuwan wayar salula

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar da Nijeriya daga 2001. Bayan 'yan shekaru sai aka samu wayoyi masu arha waɗanda ke ɗaukar katin memori, kuma suna da Bluetooth, wato hanyar tura abu daga waya zuwa waya idan suna kusa da juna. Wannan turi ba ya bukatar intanet, ba ya cin kuɗin kati. Saboda haka ko a ƙauyen da babu sabis, wayar tana aiki a matsayin rediyo da rakoda da ma'ajiyar hotuna. A tashar mota da majalisar shan shayi da cikin motar haya, matasa sukan yi musayar waƙoƙi. A kasuwanni kuma aka samu masu sana'ar tura waƙoƙi daga kwamfuta zuwa waya a kan kuɗi kaɗan.

Wannan hanya tana da sauri, amma tana da illa guda. Waƙa takan yi tafiyar kilomita dubu, sunan mai ita ya ɓace a hanya. Wani lokaci lamba kawai za a gani a madadin sunan waƙar. Mawaƙi yakan shahara a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, ba tare da ko dala ta shiga aljihunsa ba.

Waƙar da aka ɗauka a Sakkwato

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa. Tun yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke, domin iyayensa ba su amince da kiɗa ba. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa. A 2008 ya ƙetara iyaka ya je Sakkwato, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar.

A wancan lokacin waƙoƙin finafinan Hausa sun mamaye arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Masana'antar ta faro ne a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma ta ɗauko salon rawa da waƙa daga finafinan Indiya. Masu situdiyo suna amfani da fiyano mai ganguna a ciki, da kuma wata manhajar kwamfuta mai suna Auto-Tune. An ƙirƙiro ta ne a Amurka a 1997 don daidaita muryar mawaƙi idan ta kauce, amma idan aka matsa ta sosai sai muryar ta riƙa karkarwa kamar ta na'ura. Da irin waɗannan kayan aiki aka ɗauki Anar. Sai ga waƙar Tamashek da jitar Abzinawa sun fito da amon waƙar fim ɗin Hausa. Ba a buga kundin a faifai ba a lokacin. Wayoyi ne suka ɗauke shi, ya bazu a Nijar har ya shiga Mali.

Mai tsintuwa da cigiya

Christopher Kirkley Ba'amurke ne daga birnin Portland, wanda ya zo Afirka ta Yamma a 2008 yana ɗaukar kiɗe-kiɗe. Da ya zauna a Kidal, a arewacin Mali, sai ya lura cewa taskar waƙoƙin garin tana cikin wayoyin mutane. Ya riƙa kwafar abin da ke katin memorinsu, shi kuma yana ba su waƙoƙin Amurka. Daga abin da ya tara ne kamfaninsa mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, wato waƙoƙi daga wayoyin salular Sahara. A cikinsa akwai waƙar Mdou Moctar mai suna Tahoultine.

Bahaushe ya san cewa hakkin tsintuwa shi ne cigiya. Kafin a sayar da faifan sai da aka bi sawun mawaƙan ta waya da intanet, domin a nemi izininsu, a rubuta sunayensu, a kuma ba su rabonsu na ciniki. Wannan cigiya ce ta sauya rayuwar Mdou Moctar. An buga Anar a faifai a 2014. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Daga baya kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024. Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, shi da abokan kiɗansa suna yawon wasa a Amurka, sai rufe iyakoki ya hana su komawa gida na wani lokaci.

Ajiyar waƙoƙin nan ta yi rana ta wata fuskar. A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka ƙwace arewacin Mali, suka haramta kiɗa, mawaƙa da yawa suka yi gudun hijira. Abin da aka kwafa daga wayoyin Kidal ya zama shaidar irin abin da matasan garin ke saurare kafin yaƙin.

Sanannen da aka sake ganowa

Labarin Mamman Sani ya ƙara fito da ma'anar tsintuwa. Shi makaɗin fiyanon lantarki ne a Yamai, wanda ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a ƙarshen shekarun 1970. Kwafin kaset ɗin kaɗan ne aka yi. Kirkley ya ci karo da ɗaya a taskar gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka sake buga shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Masu sauraro a Turai da Amurka sun ɗauke shi sabon abu. Mutanen Nijar kuwa sun shekara da shekaru suna jin wannan kiɗa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, ko da ba kowa ya san sunan mai shi ba. A wannan shekarar ce kuma Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Nijeriya.

Sannu a hankali manyan wayoyi suka yawaita, WhatsApp da Facebook da YouTube suka karɓe yawancin aikin da Bluetooth ke yi. A 2020, shekarar annobar korona, Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙa suka ɗauka da waya suka aiko ta WhatsApp, kuma ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe jerin.

Kayan aiki sun sauya daga kaset zuwa memori zuwa intanet, amma tambayoyin suna nan yadda suke: wa ya yi waƙar, wa ya ba da izinin yaɗa ta, wa ya ci ribarta? Mawaƙan da aka yi cigiyarsu sun samu suna da abin hannu. Wasu da yawa kuwa waƙoƙinsu na nan suna yawo a wayoyi tsakanin Sakkwato da Tawa da Agadas, babu suna a kansu.